Takardun Direban Tanka: Shaidar Da Rayuka Ke Rataye A Kanta

Tun daga shekarar 1980 da aka buɗe matatar mai ta Kaduna, rayuwar Rido da Mararrabar Rido, cikin Ƙaramar Hukumar Chikun, ta sarƙe da ta manyan motoci. Kamfanin Chiyoda na ƙasar Japan ne ya gina matatar domin ta riƙa tace ganga 100,000 a kowace rana, daga baya aka ƙara mata ƙarfi zuwa 110,000, ana turo mata ɗanyen mai ta bututu tun daga yankin Warri. Daffon da ke jikinta ya zama wurin lodi ga tankokin da ke rarraba fetur da kananzir da man dizal zuwa garuruwan Arewa. A kan haka unguwanni suka tsiro a gefen hanyar Kachia: masu abinci, masu faci, kanikawa, masu walda, masu ɗakunan haya, da ƙananan masallatai inda direba zai tsaya ya yi alwala ya sauke farali kafin layi ya zo kansa.

Yau shekaru da dama ke nan matatar ba ta tace man da za a ambata, bututun da ya kamata su kawo tataccen mai daga Kudu kuwa ɓarayi sun huda su har an gaji da gyara. Abin da wannan ya haifar shi ne, kusan duk litar fetur da ake zubawa a babur a Kawo ko a janareta a Tudun Wada, a bayan mota ta zo, daga Legas ko Warri ko Fatakwal, tafiyar ɗaruruwan kilomita a kan hanyoyin da kowa ya san halinsu. Aikin da ƙarfe binne a ƙasa ya kamata ya yi ya koma wuyan ɗan Adam, wanda yake jin barci, idonsa yake raunana, jininsa yake hawa.

Ya kamata mai karatu ya san irin kayan da ake magana a kai. Tankar da ta ɗauki lita 45,000 na fetur tana ɗauke da nauyin da ya kusan tan 33, ban da nauyin kan motar da na tankin kansa. Kuma kaya ne mai motsi. Buhunan masara idan an ɗaure su sun zauna ke nan, amma mai kai-kawo yake yi a cikin tanki: a taka birki ya turo gaba, a sha kwana ya karkata gefe, abin ya fi muni idan tankin bai cika ba. Birkin irin waɗannan motoci da iska yake aiki. Direban da ya yi ta danna shi a gangara bai sauko da giya ba, yana iya ƙarar da iskar ko ya ƙona birkin, ya iso ƙasan gangaren ba shi da abin tsayawa. Shi ya sa dokar hanya ta taƙaita gudun tanka da tirela ga kilomita 60 a awa a kan babbar hanya mai tagwayen hannu, 50 a sauran hanyoyin tsakanin garuruwa, 45 a cikin gari.

To, uwar da ke zaune a Rido, wadda yaranta ke tsallake titi kullum zuwa makarantar boko da safe da Islamiyya da yamma, ta yaya za ta san cewa mutumin da ke saman wannan mota ya san duk abin da muka faɗa? Ba ta da hanyar sani. Ba za ta tsayar da shi ta gwada idonsa ba, ba za ta tambaye shi awa nawa ya yi barci jiya ba. Abin da ke tsakaninta da shi 'yan takardu ne, waɗanda wasu mutane suka sa wa hannu a madadinta, suna cewa sun duba sun ga ya cancanta. Ta ba su amana ba tare da ta taɓa ganin su ba.

Ta farko a cikin takardun ita ce lasin tuƙi, kuma lasin a Najeriya aji-aji ne. Ajin B na ƙananan motoci ne. Ajin G shi ne na motocin da kai da bodi suke a rabe, wato tirela da tanka. Wanda ya hau tanka da lasin ajin B, a idon doka daidai yake da wanda ba shi da lasin wannan motar kwata-kwata, ko da katin nasa sabo ne fil. Hukumomi uku ke da hannu wajen fitar da shi: jami'an gwajin tuƙi na jiha su gwada mutum, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ta ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa ta buga katin, hukumar tara haraji ta jiha ta karɓi kuɗi ta miƙa masa. Tun 2011 aka koma tsarin ɗaukar zanen yatsu, daga ƙarshen 2020 kuma aka wajabta lambar zama ɗan ƙasa. Mai neman lasin haya dole ya kai shekara 26, ya kuma kawo takardar lafiya daga asibitin gwamnati. Katin yana aiki shekara uku ko biyar, gwargwadon abin da mutum ya biya, kafin ya fito kuma ana ba da na wucin gadi na kwana 60.

Sai dai lasin kaɗai bai isa ba, kuma a nan ne nauyi yake barin aljihun direba ya koma teburin mai mota. A shekarar 2007 FRSC ta ƙaddamar da tsarin da ake kira RTSSS, wanda ya wajabta wa duk mai motocin sufuri biyar ko fiye ya yi rajista da hukumar, ya buɗe sashen kula da lafiyar tafiya, ya naɗa jami'in da zai riƙe shi, ya kuma ajiye bayanan direbobinsa da motocinsa da haɗurran da suka yi. A taƙaice, kowane direba ya kamata a ce yana da fayil. Wanda ya buɗe fayil ɗin zai ga kwafin lasin da ajinsa da ranar ƙarewarsa, zai ga sakamakon gwajin ido da na hawan jini da na suga da ranar da aka yi su, da shaidar horon da ya halarta, da tarihin inda ya yi aiki a baya da dalilin barinsa, da duk karon da ya taɓa yi ko tarar da aka taɓa cin sa. Ga masu dakon mai akwai ƙarin shinge, domin hukumar tana da shirin tsayar da jami'anta a daffo-daffo su duba mota da direba kafin a bari a yi lodi, ga kuma wajabcin na'urar taƙaita gudu da aka fara tilastawa a motocin haya tun Fabrairun 2017.

Dokoki dai ga su nan reras. Matsalar takardar cancanta ita ce ba ta zama da gaskiyarta har abada. Takardar filin da kakanka ya saya a 1975 har gobe tana faɗin gaskiya, domin fili ba ya tsufa. Takardar likitan da ta ce idon wane lafiya lau a 2021 kuwa, ta faɗi gaskiyar 2021 ne kawai. Hawan jinin ido yana cin ganin gefe a hankali, mai shi bai sani ba, har ranar da zai kasa hango ɗan acaɓan da ya ɓullo ta hannun dama. Ciwon suga yana iya sa mutum jiri a kan sitiyari. Hawan jini ba ya sallama. Namiji mai shekara 55 da ya yi shekara talatin yana kwana a cikin mota, yana cin abin da ya samu a Tafa ko Mararrabar Jos, jikinsa na bana ba na bara ba ne. Saboda haka fayil ɗin da aka cika ranar ɗaukar aiki aka jefa a durowa, bayan 'yan shekaru ya zama tarihin wani mutum da ya shuɗe, alhali wanda ke tuƙa motar wani ne daban mai irin sunansa.

Wannan sakaci ne, kuma sakaci yana da magani mai araha. Abin da ya fi shi muni shi ne takardar da tun ranar haihuwarta ƙarya ce. Ba wanda ya yi mu'amala da tasha zai ce bai taɓa jin labarin lasin da aka aika da kuɗi da hoto aka kawo har gida ba, ko takardar lafiyar da aka buga wa hatimi ba tare da likita ya ga fuskar mai ita ba. Mun saba kiran wannan da sunaye masu laushi: taimako, sauƙaƙawa, a yi wa mutum hanya. Sunansa a shari'a shaidar zur. Mai sa hannu yana cewa na gwada shi na ga ya iya, alhali bai gwada ba; yana cewa na duba idonsa, alhali bai duba ba. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya jera shaidar zur tare da shirka da saɓa wa iyaye a cikin mafiya girman zunubai, wanda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito kuma ya haɗa mai ba da rashawa da mai karɓa a tsinuwa ɗaya. Yawancinmu idan aka ce shaidar zur, kotu muke hangowa da rikicin gona ko na gado. Amma wanda ya yi zur a kan gona, gona ya salwantar. Wanda ya yi zur a kan idon direban tanka bai ma san adadin waɗanda shaidarsa za ta shafa ba.

Ɗaliban ilimi za su tuna cewa mas'alar ba sabuwa ba ce, abin hawan ne kawai ya sauya. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ake karantawa a zaurukanmu tun zamanin kakanni, ya ɗora lamunin ɓarnar da dabba ta yi da ƙafarta a kan wanda ke korar ta da wanda ke jan ta da wanda ke kanta. Dalilin a fili yake: su ne masu iko da tafiyarta. Idan haka hukuncin jaki da raƙumi yake, waɗanda suke da nasu hali da nasu gardama, ina ga ƙarfen da ba ya motsi sai an motsa shi? Haka nan malamai sun yi bayani, bisa hadisin da ke cikin Sunan na Abu Dawuda, cewa wanda ya shiga aikin likitanci ba a san shi da iliminsa ba, shi zai ɗauki lamunin abin da ya ɓata. Ƙa'idar da ke ƙarƙashin wannan ta wuce likitanci: duk sana'ar da rai ke hannunta, shigarta ba da cancanta ba ta'addi ne tun kafin a yi ɓarna.

Malaman zamani ma sun zauna a kan batun. Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na takwas da ta yi a Brunei cikin watan Yunin 1993, ta fitar da matsaya a kan haɗurran mota. Ta tabbatar da cewa bin dokokin hanya da ba su saɓa wa shari'a ba wajibi ne, domin suna cikin biyayya ga shugabanni a abin da ya shafi maslahar jama'a, kuma ta ambaci sharuɗɗan ba da lasin, irin su shekaru da ƙarfin gani da sanin ƙa'idojin hanya, a cikin abubuwan da hukuma ke da haƙƙin tsarawa. Ta kuma bayyana cewa haɗarin mota yana shiga babin laifukan jini, galibi a matsayin kuskure, kuma direba yana ɗaukar lamuni sai in abin ya zo ta hanyar da ba shi da ikon kauce mata, ko laifin na wanda aka buge ne, ko na wani daban.

Kisan kuskure kuwa ba ƙaramin abu ba ne, ko da ba a yi ƙisasi a kansa. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta ɗora masa diyya da kaffara. Diyyar rai a asali raƙuma ɗari ce, ko dinari dubu ga mutanen zinari, kuma a kisan kuskure dangin wanda ya yi kisan ne ke haɗa ta cikin shekara uku. Kaffarar, a zamanin da babu bayi, azumin wata biyu ne a jere, malamai da yawa kuma suna ganin kowane rai da nasa. Mai karatu ya lissafa da kansa: motar fasinja ɗaya mai mutum goma sha takwas. A nan ne fayil ɗin da muke magana a kai yake zama abokin direban kirki. Idan tsautsayi ya auku, tambayar farko da alƙali ko malami zai yi ita ce, akwai sakaci ko babu? Direban da lasinsa ke raye, likita ya duba shi cikin shekarar, littafin tafiya ya nuna ya huta, takardar gareji ta nuna ya kai ƙarar birki an gyara, yana da abin da zai kare kansa da shi a gaban mutane, yana da abin da zai kwantar wa zuciyarsa hankali da shi a tsakiyar dare. Wanda ba shi da ko ɗaya, sai dai rantsuwa.

Mai mota fa? Akwai Alhazai da yawa, masu tsoron Allah a sauran harkokinsu, da ke ɗauka cewa da zarar sun miƙa makulli nauyi ya sauka daga kansu. A ganina wannan kuskuren fahimta ne mai tsada. Wanda ya ɗauki mutum ya ɗora shi a kan tan talatin na fetur bai tambayi ajin lasinsa ba, ko ya san idonsa ya raunana ya kau da kai saboda tsohon yaronsa ne, ko ya yanka masa kwanakin zuwa Legas da dawowa da ba za su yiwu ba sai da tuƙin dare da rana, shi ya buɗe ƙofar ɓarnar, kuma fiƙihu ya san lamunin wanda ya zama sababi kamar yadda ya san na wanda ya aikata da hannunsa. Ko ta fuskar kasuwa ma asara ce, domin kamfanin inshora, ko na takaful ga masu guje wa inshorar da aka saba, yana iya ƙin biyan diyyar mota idan ya gano wanda ke tuƙa ta ba shi da lasin da ya dace. Abin mamaki, attajirin da ba zai yarda buhun siminti ɗaya ya fita daga shagonsa ba a rubuta ba, shi ne ba zai iya gaya maka watan da lasin direbansa zai ƙare ba. Alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Al'ummar da aka koya wa rubuta bashin kuɗi bai kamata rubuta abin da ya shafi jini ya zame mata baƙon abu ba.

Akwai wani rami da ko fayil mafi kyau ba ya rufewa sai an yi da gaske, wato batun yaron mota. Kusan duk direban babbar mota a ƙasar nan ta wannan hanya ya koyi aiki: ya fara da wanke mota da sa waigi, ya koma juya ta a gareji, a hankali maigidansa ya fara ba shi sitiyari a inda hanya ta miƙe. Makaranta ce ta gaske, ta fitar da gwanaye, kuma ba a raina ta. Illarta ita ce lokacin da aka fi miƙa wa yaro mota shi ne lokacin da maigida ya gaji, wato tsakar dare, sa'ar da ko gwani ma sai ya yi da kyar. A takarda, mai shekara hamsin da lasin ajin G ne ke tuƙi. A zahiri, saurayi ne ɗan shekara sha tara, maigidan yana barci a gadon baya. Jami'in da ya duba takardu a daffo bai yi ƙarya ba, amma shaidarsa ta tashi a banza tun kafin motar ta yi nisa. Gyaran wannan yana hannun masu motoci da ƙungiyoyi, wato NARTO ta masu motocin da reshen direbobin tanka na NUPENG: a san kowane yaron mota da sunansa, a buɗe masa nasa fayil ɗin, a kai shi makarantar tuƙi da hukuma ta amince da ita, a rubuta ranar da ya cancanci riƙe mota da kaya, tafiya mai nisa kuma a haɗa direbobi biyu masu lasin. Da haka kuma za a rage abin da ke tura wasu ga ƙwayoyi irin su tiramadol, domin mafi yawan masu shan su gajiya suke yaƙi da ita.

Adalci ne a faɗi uzurin direbobi, domin suna da shi. Mutum yakan biya kuɗin sabunta lasi, a ba shi na kwana 60, kwanakin su ƙare katin bai fito ba, ya yi ta zarya wata da watanni. Ranar da zai ɓata a layin ɗaukar hoto ko a asibiti, rana ce da ba a biyan sa. Kuma ya ga da idonsa cewa a wasu shingayen hanya mai cikakkun takardu da marar ko ɗaya kuɗi ɗaya suke miƙawa, sai ya tambayi kansa amfanin wahalar. Ga hanyoyi irin ta Bida zuwa Lapai zuwa Lambata, da ke kayar da mota ko wane ne a kanta. Duk wannan gaskiya ne, kuma zunubin jami'in da ya mayar da doka abin ciniki yana wuyansa. Amma lalacewar mai duba takarda ba ta warkar da idon da ya raunana. Kuma mafi yawan wannan nauyi mai mota zai iya ɗauke shi da kuɗin da bai kai na taya ɗaya ba: ya biya kuɗin sabuntawa, ya biya na asibiti, ya lissafa ranar a matsayin ranar aiki.

Ƙasashen da suka rage irin wannan asara ba da wani sihiri suka yi ba. A Amurka dokar tarayya ta wajabta wa kamfanin sufuri ya riƙe fayil ɗin cancanta ga kowane direba, takardar likita ba ta wuce wata 24, ana bitar tarihin tuƙinsa duk shekara, kuma ana ajiye fayil ɗin har shekara uku bayan ya bar aiki. A Tarayyar Turai na'ura ce a cikin mota take rubuta sa'o'in tuƙi: bayan awa huɗu da rabi dole a huta minti 45, kuma kowane direban babbar mota sai ya yi horon awa 35 duk shekara biyar, mai dakon kaya masu haɗari irin fetur kuma yana da tasa takardar ta daban. Wanda ya kwatanta zai ga dokokinmu ba su yi nisa da nasu ba a rubuce. Inda aka bar mu shi ne a can akwai wanda aikinsa ke nan ya buɗe fayil ya duba kwanan wata.

Ba mu manta da Majiya ba, a Ƙaramar Hukumar Taura ta Jihar Jigawa, inda tanka ta faɗi a daren 15 ga Oktoban 2024, wuta ta ci fiye da mutum 150. Ba mu manta da mahaɗar Dikko a Jihar Neja ba, a kan hanyar Abuja zuwa Kaduna, inda fiye da mutum 80 suka rasu ranar 18 ga Janairun 2025. Allah Ya jiƙan su, Ya ba iyalansu haƙuri. Mafi yawan waɗanda suka rasu a wuraren biyu sun taru ne a kan man da ya zube, kuma wannan wani darasi ne mai zaman kansa. Ba a kawo su nan don a ɗora wa wani direba laifi ba. An kawo su ne don a ga girman abin da faɗuwar tanka ɗaya ke iya jawowa, a gari irin Rido da gidaje da shaguna suke dab da kwalta. Bayan waɗannan ne hukumar NMDPRA mai kula da rarraba man fetur ta hana lodin tankoki masu lita 60,000 daga 1 ga Maris 2025. Mataki ne mai kyau, sai dai ya taɓa girman tanki ne, bai taɓa wanda ke gaban sitiyari ba.

Abin da ya rage mai sauƙi ne har ya kan ba mutum kunya. Mai motoci uku ko goma ba ya buƙatar kwamfuta mai tsada. Littafi ɗaya ya isa, kowane direba da shafinsa, a rubuta ranakun ƙarewar takardunsa da jan biro, a sa wani yaro mai amana, ko ɗan gidan da ke karatu a jami'a, ya riƙa buɗe shi ranar ɗaya ga kowane wata, duk takardar da saura wata biyu ta ƙare a fara neman sabuwa. Lambar lasin kuma ana iya tantance ta a wurin FRSC kafin a ɗauki mutum aiki, a san ta gaske ce ko ta bayan fage. Limaman masallatan tasha da na gareji suna da damar da babu jami'in da ke da ita, domin su direbobi ke saurara ba tare da tsoron tara ba.

Matan direbobi da 'ya'yansu ma suna da rawar takawa, don su ne farkon masu lura idan maigida ya fara matso da waya kusa da fuska, ko yana yawan tashi fitsari da dare, ko yana kukan ciwon kai bayan kowace tafiya. Lasin Najeriya a ranar haihuwar mai shi yake ƙarewa, wato ranar da aka rubuta a katin, wadda sau da yawa ba ita ce mutum ya riƙe a kansa ba, musamman ga waɗanda aka ƙiyasta musu shekaru a wurin rajista. Idan maigida ya dawo daga Legas ya ajiye walat ɗinsa, ɗansa ɗan sakandare zai iya karanta masa ranar a cikin minti ɗaya.